Darasi na 7: Zaɓen Kujerar Aikin Ofis

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana abin da dogon zama yake yi wa gadon baya;
2. auna jikinsa don sanin kujerar da ta dace da shi;
3. duba sassan kujera ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya kuɗi;
4. daidaita kujera da tebur, ko gyara wadda yake da ita idan babu halin sayen sabuwa.

Shimfiɗa

Akawu, sakatare, ma'aikacin banki, mai buga takardu a shago, malamin da ke duba takardun jarrabawa: duk waɗannan a zaune suke neman abincinsu. Wanda ya shiga ofis ƙarfe takwas na safe ya tashi ƙarfe huɗu na yamma, kwana biyar a mako, ya yi awa 40 ke nan. A shekara abin ya doshi awa 2,000. Ko an cire lokacin salla da na cin abinci, mafi yawan sauran a kan kujera yake ƙarewa.

Duk da haka, idan aka tashi sayen kujerar ofis, abu uku aka fi dubawa: girma, ƙyalli da farashi. Shi ya sa ake rububin doguwar baƙar kujerar nan mai sheƙi da ake kira kujerar oga, ko da mai zama a kanta ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Irin wannan kujera an yi ta ne don wanda zai jingina yana sauraron baƙi. Wanda zai wuni yana rubutu ko yana buga kwamfuta, bukatarsa daban ce.

Kujera kamar ɗinki take. Ba wanda ke kai wa tela yadi ya ce a ɗinka masa riga da awon maƙwabcinsa. Kujerar kirki ita ce wadda ta yi daidai da jikin mai zama, da teburinsa, da irin aikin da yake yi.

1. Abin da zama yake yi wa jiki

Gadon bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33. Bakwai suna wuya, 12 a bayan ƙirji, biyar a ƙugu, sauran kuma suna can ƙasa a manne da juna. Tsakanin ƙasusuwan da ke motsi akwai faifan guringuntsi mai laushi a ciki, shi ke ɗaukar nauyi da girgiza. Idan aka kalli mutum daga gefe yana tsaye, za a ga gadon bayansa ba miƙaƙƙe ba ne. Ya lotsa ciki a wuya, ya turo waje a bayan ƙirji, ya sake lotsawa ciki a ƙugu.

Wannan lotsawa ta ƙugu ita ce ta fi shafar darasinmu. Da zarar mutum ya zauna ba abin da ya tokare masa baya, kwankwasonsa yakan kwanta baya, lotsawar ta baje, bayan ya ranƙwafa, kai ya turo gaba. Kan babban mutum ya kai kimanin kilo biyar. Idan yana zaune daidai a kan wuya, nauyinsa ba ya damun kowa. Idan ya turo gaba wajen kallon allo, naman ƙeya da na kafaɗa ne za su yi ta riƙonsa wuni guda. Daga nan ake samun tsamin wuya da ciwon kan da ke taso wa mutum da la'asar.

Masana sun daɗe da lura da haka. Wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'o'i a 1700. A bugun da ya faɗaɗa a 1713 ya ƙara babi kan magatakarda da masu kwafar takardu, inda ya ɗora laifin ciwonsu kan abu uku: yawan zama, maimaita motsi iri ɗaya da hannu, da gajiyar ƙwaƙwalwa. A shekarun 1960 kuma wani likitan ƙashi ɗan Suwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke cikin faifan ƙugu na mutane masu rai. Ya gano cewa zama a ranƙwafe ya fi tsayuwa a miƙe ɗora wa faifan nauyi.

Gefen kujera ma yana da nasa. Idan mazauni ya yi tsawo ƙafa tana lilo, bakinsa zai danne ƙasan cinya, jini ya rage gudu, ƙafa ta sage ko ta kumbura. Idan ya yi ƙasa da yawa, gwiwa za ta ɗaga, nauyin jiki duka ya koma kan ƙasusuwan mazaunai.

A nan akwai abin kiyayewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma a mafi yawansu ba a iya nuna dalili guda ɗaya. Shekaru, nauyin jiki, ɗaukar kaya, rashin motsa jiki da damuwa duk suna da hannu. Saboda haka kujera ba magani ba ce. Duk mai sayarwar da ya ce kujerarsa tana warkar da ciwon baya, talla kawai yake yi. Aikin kujera shi ne ta rage wa jiki wahala, ta kuma ba shi damar sauya zama.

2. Awo huɗu kafin a je kasuwa

Za a bukaci tef ɗin awo irin na tela, benci ko kujerar katako marar soso, da mutum ɗaya da zai taimaka. A sa takalmin da aka saba zuwa aiki da shi. A zauna a miƙe, tafin ƙafa a ƙasa, a saki kafaɗu.

Awo na ɗaya: daga ƙasa zuwa lanƙwasar bayan gwiwa. Wannan shi ne tsayin da mazauni ya kamata ya kasance.

Awo na biyu: daga ƙarshen mazaunai ta baya zuwa bayan gwiwa. A cire santimita biyar daga abin da aka samu. Abin da ya rage shi ne zurfin mazauni, wato daga majingina zuwa bakin kujera.

Awo na uku: daga saman benci zuwa gwiwar hannu, hannun yana lanƙwashe kamar za a yi rubutu. Da wannan za a san tsayin hannun kujera, da kuma tsayin teburin da ya dace.

Awo na huɗu: faɗin kwankwaso a zaune. A ƙara santimita biyu ko uku a kowane gefe, don tufafi da walwala.

A rubuta waɗannan a takarda, a kuma auna tsayin teburin aiki daga ƙasa zuwa samansa, da sararin da ke ƙarƙashinsa. Da takardar da tef ɗin za a tafi kasuwa. Manyan kamfanoni ma sun yarda jikin mutane ba ɗaya ba ne: lokacin da kamfanin Herman Miller na Amurka ya fito da kujerarsa Aeron a 1994, girma uku ya yi mata, ƙarama da matsakaiciya da babba.

3. Sassan kujera da abin dubawa a kowanne

Tsayi. Wannan shi ne sharaɗi na farko: kujerar ta riƙa hawa da sauka. Galibin kujerun ofis suna tashi daga wajen santimita 40 zuwa sama da 50 kaɗan. A tabbata awo na ɗaya ya faɗa cikin wannan tsakani, kuma akwai ragowar sarari a sama. Tun 1990 dokar ƙasashen Tarayyar Turai kan masu aiki da kwamfuta ta wajabta cewa kujerar ma'aikaci ta tsaya da kyau, mazauninta ya riƙa hawa da sauka, majinginarta ta riƙa gyaruwa a tsayi da kwanciya, a kuma ba da matakin ƙafa ga duk wanda ya nema. Waɗannan sharuɗɗa huɗu sun isa ma'auni a ko'ina.

Mazauni. A zauna har baya ya taɓa majingina, sannan a zura yatsu tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa. Yatsu biyu zuwa uku su shiga. Idan ba su shiga ba, mazaunin ya yi zurfi, kuma mai zama zai riƙa zamewa gaba yana barin majingina, amfaninta ya tashi a banza. Wannan ce babbar matsalar kujerar oga ga gajeren mutum. Bakin mazaunin ya kasance ya ɗan sunkuya ƙasa, ba mai kaifi ba. Wasu kujeru suna da mazaunin da ake ja gaba ko a tura baya, kuma sun fi dacewa da ofishin da mutane da yawa ke karɓa-karɓa.

Soso. Laushi ba shi ne inganci ba. Soson da ya cika laushi yakan yi daɗi a minti biyar na farko, bayan 'yan watanni ya kwanta a koma zama a kan katako. A danna shi da tafin hannu da ƙarfi. Idan an ji katakon ƙasa, ko kuma ya ƙi tasowa da wuri bayan an ɗaga hannu, a bar shi.

Majingina. Ita ce ke riƙe lotsawar ƙugu. Ya kamata ta ɗan turo ciki daga ƙasa, tudun ya faɗo daidai inda ɗamara ke zama ko sama da nan kaɗan. Tunda tsayin mutane ya bambanta, wadda tudunta ke hawa da sauka ta fi. Ta kuma riƙa kwanciya baya kaɗan. Zama a ƙame ba shi ne zama mai kyau ba, don ba wanda zai jure shi wuni guda. Jinginar da ta ɗan wuce miƙe, wajen digiri 100 zuwa 110, tana sauke wa ƙugu wani ɓangare na nauyin jiki. A ƙarƙashin mazauni yawanci akwai wani babban murfi da ake murɗawa don ƙara wa majingina tauri ko sassauta ta gwargwadon nauyin mai zama. A murɗa shi a gani ko yana aiki.

Hannun kujera. Amfaninsa ya ɗauke wa kafaɗa nauyin hannu lokacin hutawa. Idan ya yi sama, kafaɗa za ta ɗage ta ƙage. Idan ya yi ƙasa, mutum zai karkace gefe guda don ya kai gare shi. Mafi muni shi ne hannun da ke bugun bakin tebur ya hana kujera matsowa, dole mutum ya miƙa jiki gaba ya bar majingina. Idan hannun ba ya gyaruwa kuma yana bugun tebur, gara a kwance shi, ko a sayi kujerar da ba ta da hannu.

Matashin kai. Mai rubutu da mai buga kwamfuta ba su cika jingina kai ba. Wanda aikinsa ya ƙunshi dogon karatu ko amsa waya ne zai ci moriyarsa. Kada a ƙara kuɗi mai yawa dominsa.

Ƙafafu da tayoyi. Kujera mai taya ta kasance da ƙafa biyar. Mai ƙafa huɗu tana saurin kifewa idan aka jingina ko aka miƙa hannu gefe. Tayoyi iri biyu ne: masu tauri na kan kafet, da masu laushin roba na kan tayil ko siminti. Taya mai tauri a kan tayil gudu take yi, tana iya zamewa daidai lokacin da mutum zai zauna. Masu sa babbar riga ko dogon hijabi ko zani su riƙa tattara tufafi, don taya tana cin bakin yadi.

Bututun hawa da sauka. Ƙarfen da ke tsakanin mazauni da ƙafafu cike yake da iska a matse, ita ce ke ɗaga kujera. A kan masu kyau akan buga lambar aji daga 1 zuwa 4, kuma aji na 3 da na 4 sun fi ƙarfi. Idan ya lalace, sabo ake sawa. Kada a huda shi, kada a buge shi da guduma don a buɗe, kada a kai shi wurin mai walda, domin zafi yana iya sa ya fashe. A kuma tambayi nauyin da kujerar ke ɗauka. Da yawa an yi su ne don kilo 110 zuwa 120, don haka wanda ya haura wannan ya nemi wadda aka yi wa masu jiki.

Abin da aka lulluɓe ta da shi. A ƙasa mai zafi irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ledar da ake yi kamar fata ba ta shan iska. A watannin Maris zuwa Mayu, musamman idan an ɗauke wuta, takan jiƙa wa mutum baya da gumi, kuma zafi yana sa ta tsattsage ta riƙa ɓarewa. Raga tana barin iska ta ratsa, sai dai a duba ko a ɗaure take tamau, don mai araha takan saki ta zama jaka. Yadi yana da daɗin zama amma yana riƙe ƙurar hunturu, sai an riƙa kakkaɓewa. Ga yawancin ofisoshinmu, majinginar raga da mazaunin soso mai yadi sun fi sauƙin sha'ani.

4. Kujera da tebur tare suke aiki

Kujera tana iya yin daidai da jiki amma ta saɓa da tebur. Yawancin teburan ofis tsayinsu santimita 72 zuwa 76 ne, kuma ba sa hawa ko sauka. Ƙa'idar ita ce saman tebur ya yi daidai da gwiwar hannu idan an zauna an saki kafaɗa. Ga yadda ake lissafin: a haɗa awo na ɗaya da awo na uku, a kwatanta jimillar da tsayin tebur.

Misali na farko. A ɗauka wata sakatariya ta auna ta samu 41 a awo na ɗaya, 23 a awo na uku. Jimilla 64. Teburinta 74 ne, ya ɗara gwiwar hannunta da santimita 10. Idan ta bar kujera a 41, za ta wuni kafaɗa a ɗage. Sai ta ɗaga kujerar zuwa 51. Yanzu hannu ya yi daidai, amma ƙafa ta bar ƙasa da santimita 10. Maganin wannan matakin ƙafa mai tsayin santimita 10, wanda kowane kafinta zai iya yi da guntun katako.

Misali na biyu. Wani dogon akawu ya samu 50 da 28, jimilla 78. Tebur mai 74 ya yi masa ƙasa da santimita huɗu. Bai kamata ya sauke kujera ba, don gwiwarsa za ta ɗaga. Teburin za a ɗaga, a sa katako mai kaurin santimita huɗu a ƙarƙashin kowace ƙafa.

Bayan an gama da wannan, sai allon kwamfuta. Ya kasance gaba da fuska sosai, nisansa kamar tsawon hannu idan an miƙa, samansa daidai da ido ko ƙasa kaɗan. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da matsala a nan, domin allonta da madannanta a haɗe suke: in hannu ya ji daɗi, wuya zai sunkuya. Mai wuni a kanta ya ɗora ta a kan manyan littattafai, ya jona mata madannai da linzami na daban. Ƙarƙashin tebur kuma a kwashe kwalaye da tsofaffin fayil, ƙafa ta sami wurin miƙewa.

5. A wurin saye

Gani ya kori ji, amma a sayen kujera zama ya kori gani. Kada a sayi kujera daga hoto. A zauna a kanta minti goma ko sha biyar, a ɗaga, a sauke, a jingina, a juya, a taɓa kowane maɓalli. Ga misalin yadda ciniki zai iya gudana:

Mai shago: Sannu da zuwa Hajiya. Ga wannan, ta manya ce, duk masu muƙami ita suke ɗauka.

Mai saye: Yauwa Malam, na gode. Bari in zauna tukuna. Ka ga ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Iyakar saukarta ke nan?

Mai shago: Iyakarta ke nan, Hajiya. Amma ai za ki saba.

Mai saye: A'a, ba na son wadda sai na saba. Nuna mini waccan mai ragar. Kilo nawa take ɗauka? In bututun ya lalace, kana da wani? Garantin wata nawa za ka rubuta mini a rasit?

A lura da tambayoyinta uku na ƙarshe: nauyi, kayan gyara, da garanti a rubuce. Taya da bututu su ne ke fara lalacewa. Kujerar da ake samun kayanta a gari ta fi wadda in ta lalace sai jefarwa.

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Sau da yawa kujerar gwanjo ta kamfanin kirki ta fi sabuwa mai ƙyalli ƙarko. Mai sayen gwanjo ya yi gwaji biyar. Ya ɗaga ta har ƙarshe ya zauna, ya ga ko tana nitsewa da kanta. Ya girgiza jiki hagu da dama, ya ji ko mazaunin yana rawa. Ya kifa ta ya duba tsaga ko tabon walda a ƙafafu da farantin ƙarfen da ke ƙarƙashi. Ya juya kowace taya da hannu. Ya danna soso ya kuma shinshina, don wanda ya sha ruwa a sito yakan yi warin ruma.

Wanda aka ɗora wa sayen kujeru na ofis gaba ɗaya, kada ya yi odar 30 iri ɗaya daga takarda. Ya karɓo biyu ko uku na gwaji, a ba mafi tsawo da mafi gajarta a cikin ma'aikata su yi aiki a kansu na mako guda, a ji ta bakinsu. Kuma a fara da waɗanda suka fi daɗewa a zaune. Mai buga takardu da mai karɓar kuɗi sun fi shugaban da ke yawan fita taro bukatar kujera mai kyau.

6. Idan babu halin sayen sabuwa

Ba kowa ke da kuɗin kujera mai juyawa ba, kuma ma'aikaci da yawa abin da ya tarar a ofis shi zai zauna a kai. Akwai gyaran da ba ya cin kuɗi:

a. A naɗe tawul ko ƙaramin zani, a ɗaure shi a majingina daidai ƙugu.
b. Idan kujera ta yi ƙasa, a ɗora matashi mai tauri. Idan ta yi sama, a sa matakin ƙafa.
c. Idan mazauni ya yi zurfi, a sa matashi mai faɗi a baya don ya turo mutum gaba.
d. Idan soso ya mutu, a kai wa mai gyaran kushin ya sa sabo mai tauri.
e. A cire walat ko waya daga aljihun baya kafin a zauna, don suna karkatar da kwankwaso.
f. A riƙa ɗaure notunan da suka saki, a cire zare da gashin da suka naɗe a taya.

Kafinta ma yana iya yin kujerar aiki mai kyau idan an ba shi awo huɗun nan, aka ce ya ɗan kwantar da majingina baya, ya yi mata tudu a ƙugu, ya goge kaifin bakin mazauni. Kujerar katako da aka yi da awon mutum ta fi mai juyawar da ba ta dace da shi ba. Kujerar roba ta taro kuwa ba a yi ta don aikin wuni ba. Ba ta riƙe ƙugu, kuma ƙafafunta suna buɗewa a kan tayil.

7. Kujera ba ta maye gurbin tashi

A 1953 wani likitan Birtaniya, Jeremy Morris, ya wallafa bincikensa kan ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin Landan. Direbobi suna wuni a zaune, kwandastoci kuwa suna wuni suna hawa da sauka a matakala. Ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Tun daga nan bincike ya yi ta ƙarfafa cewa dogon zama ba motsi yana da illa, komai kyan abin da aka zauna a kai. A jagorarta ta 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su rage zama, su kuma samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, irin tafiya da sauri.

A aikace, a riƙa tashi duk bayan rabin awa ko awa ɗaya, ko da na minti biyu ne. A amsa waya a tsaye. A kai wa abokin aiki takarda da ƙafa maimakon aiken masinja. A ajiye ruwan sha nesa da tebur. Fita alwala da sallar Azahar da ta La'asar tana katse zaman rana, sai dai daga safe zuwa Azahar akwai awa biyar ko fiye, kuma a nan ne aka fi bukatar tunatarwa. A zaune ma a riƙa sauya yanayi: a jingina, a miƙe, a motsa ƙafa.

Akwai ciwon da ba na kujera ba ne. A je asibiti idan ciwon baya ya wuce makonni bai yi sauƙi ba, ko yana sauka ƙafa tare da sagewa, ko ya zo da zazzaɓi ko rama, ko ya biyo bayan faɗuwa. Idan kuwa ƙafafu suka yi rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, wannan na gaggawa ne, a tafi a ranar. Manyan asibitoci, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa, suna da sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi inda ake duba irin wannan.

Tambayoyi

1. Me ke faruwa da lotsawar ƙugu idan mutum ya zauna ba majingina?
2. Lissafa awo huɗu da ake yi kafin sayen kujera, da amfanin kowanne.
3. Me ya sa ƙafa biyar ta fi huɗu a kujera mai taya?
4. Wani ma'aikaci ya samu 43 a awo na ɗaya, 24 a awo na uku, teburinsa kuma 75 ne. A wane tsayi zai sa kujerarsa, kuma matakin ƙafa mai santimita nawa yake bukata?
5. Faɗi abu uku da za a duba a kujerar gwanjo.
6. Waɗanne alamu ne ke nuna a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba?

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu, maza da maza, mata da mata, kowa ya auna ɗan'uwansa. Ku rubuta sakamakon a allo ba tare da sunaye ba, ku nemo tazarar da ke tsakanin awo mafi girma da mafi ƙanƙanta. Ku tattauna: kujera iri ɗaya marar gyaruwa za ta wadatar da ajin nan?

Aikin gida

Kowa ya auna kujera da teburin da yake aiki a kansu, ya kwatanta da awon jikinsa, ya yi gyara ɗaya daga cikin waɗanda aka lissafa a sashe na 6. Bayan mako guda ya rubuta layi biyar kan bambancin da ya ji, ya kawo aji. Kada ku jira sai baya ya fara ciwo kafin ku yi wannan awo, domin rigakafi ya fi magani.